Ilimin Kuɗi ga Ɗaliban Likitancin Dabbobi a Amurka: Ina Iyakar Ƙungiyar Ɗalibai?

A shekarar 1999 kamfanin KPMG ya fitar da wani babban bincike kan tattalin arzikin aikin likitancin dabbobi a Amurka. Ƙungiyoyi uku ne suka ɗauki nauyinsa: ta likitocin dabbobi, wato AVMA, da ta asibitocin dabbobi, AAHA, da ta kwalejojin da ke koyar da aikin, AAVMC. Binciken ya nuna cewa likitocin sun ƙware a kimiyyarsu, amma samunsu ya tsaya cik, kuma rashin sanin harkar kasuwanci na daga cikin dalilai. Ɗalibai ba su jira hukumomi ba. A 2001 wasu daga Jami'ar Pennsylvania suka kafa ƙungiyar VBMA domin su koya wa kansu abin da aji bai ba su ba. A 2004 ta zama ta ƙasa baki ɗaya, yau kuma da wuya a sami kwalejin likitancin dabbobi a Amurka da ba ta da reshenta.

Hujjar wannan maƙala ita ce, ƙungiyar ta yi aikin da ya cancanci yabo, amma kasancewarta shaida ce ta giɓi a manhaja, kuma bai dace makarantu su fake da ita ba.

Sai an dubi halin da ɗalibin ke fita a ciki kafin a gane nauyin lamarin. Alƙaluman AVMA na farkon shekarun 2020 sun nuna matsakaicin bashin karatun sabon likita ya kai kimanin dala 150,000, ko da an haɗa da waɗanda ba su ci bashi ko kwabo ba. Da wannan kaya a wuyansa zai sa hannu a kwantiraginsa na farko. Asibitoci da dama suna biyan albashi gauraye: wani ɓangare tsayayye, wani kuma kaso daga kuɗin da likitan ya shigar. Wasu kwantiragin suna ɗauke da sharaɗin cewa idan samunsa ya gaza a wannan wata, za a cire giɓin daga na gaba. Wasu kuma suna hana shi aiki a kusa da asibitin na tsawon lokaci idan ya ajiye aiki. Matashin da ya shekara huɗu yana haddace jijiyoyin doki da cututtukan kare zai iya ɗaure kansa da layi biyu da bai fahimta ba. A nan VBMA take da amfani na zahiri: tana gayyatar akantoci da lauyoyi da masu asibitoci, tana kuma ba da takardar shaida ga wanda ya cika sa'o'in da aka ƙayyade a fannonin kuɗi, gudanarwa da shugabanci.

Akwai masu ganin zancen riba yana zubar da martabar likita. Ban yarda ba. Likitan da bai iya tsara farashi ba, ko dai ya karye ya rufe asibiti, ko ya tsawwala har mai dabba ya zaɓi a kashe ta saboda ba zai iya biyan magani ba. Iya zama da mai dabba a shimfiɗa masa hanyoyin magani gwargwadon aljihunsa ɓangare ne na jinya, kamar yadda auna zafin jiki yake.

To, in haka ne, me ya sa za a bar wannan ilimi ga taron sa-kai na lokacin abincin rana? Shiga ƙungiya zaɓi ne, kuma wanda ya riga ya yi sha'awar kasuwanci shi ke fara zuwa. Ɗalibar da ke aikin dare don ta rage cin bashi, wadda ta fi kowa bukatar darasin, ita ce ba ta da sarari. Shugabanni kuma suna sauyawa duk shekara, don haka ingancin reshe yana hawa yana sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne batun masu ɗaukar nauyi. Tarukan irin waɗannan ƙungiyoyi sun dogara sosai ga kuɗin kamfanoni, kuma kasuwar ta sauya fuska: kamfanin Mars, mai asibitocin dabbobi na Banfield da BluePearl, ya sayi rukunin asibitocin VCA a 2017 kan kimanin dala biliyan 9. Babu laifi wakilin babban kamfani ya yi wa ɗalibai bayani. Amma wanda ke neman ɗaukar ma'aikata ba shi ne ya fi dacewa ya koyar da yadda ake ja-in-ja kan albashi ba, ko yadda likita zai kafa asibitinsa ya yi gogayya da kamfanin.

A 2018 AAVMC ta sanya sarrafa kuɗi da gudanar da asibiti cikin fannoni tara na ƙwarewar da ake so kowane ɗalibi ya fita da ita. Tunda an amince da haka a rubuce, karatun kwantiragi, lissafin kuɗin ruwan bashi da tsara farashi su koma darasin dole mai jarrabawa, a hannun malaman da ba su da abin sayarwa. Ƙungiyar kuma ta riƙe abin da ta fi aji iyawa: haɗa ɗalibai da tsofaffin likitoci, da ba su damar riƙe kasafin kuɗi na gaske tun suna makaranta.