Hanyoyin Aiwatar da Sabuwar Manhajar Karatu a Najeriya

Manhajar karatu ita ce tsarin darussan da ake koyar da ɗalibai a kowane aji. A Najeriya, hukumar NERDC da aka kafa a 1988 ce ke tsara manhajar firamare da sakandare, amma aiwatar da ita yana hannun jihohi da malamai.

Hanya ta farko ita ce umarni daga sama, wato gwamnati ta tsara, makarantu su bi. Haka aka yi da tsarin 6-3-3-4 da ya soma aiki a 1982. An shigo da injinan koyar da sana'o'i daga ƙasashen waje, amma da yawansu sun lalace a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da ƙwararrun malamai.

Hanya ta biyu ita ce bi sannu a hankali. Manhajar ilimin matakin farko ta shekara 9 ta fara a Satumban 2008 da ajin farko na firamare da na ƙaramar sakandare, tana hawa tare da ɗaliban duk shekara. Wannan ya ba iyaye da masu buga littattafai damar shiri. Da aka ga darussan sun yi wa yara yawa, sai aka rage su daga 20 zuwa 10 a manhajar da ta fara aiki a 2014.

Hanya ta uku ta shafi horo. Akan horar da wasu malamai kaɗan, su kuma su koma su horar da saura. Tana da sauƙin kuɗi, sai dai saƙon yakan raunana kafin ya isa makarantun karkara, inda malami ɗaya kan riƙe azuzuwa da dama.