Yara 47 na Jos da Tarihin Dokar Magani

Duk shekara idan jarrabawa ta ƙarato, ɗaliban shari'a da na likitanci a Jami'ar Jos mukan duƙufa wajen bitar dokokin lafiya. Mukan haddace lambobin dokoki da sunayen shari'o'i, alal misali shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, inda babbar kotun Birtaniya ta yanke cewa wanda ya haɗa abin sha yana da alhakin kare lafiyar mai sha, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Sai dai ba kasafai mukan tuna cewa a garin nan aka rubuta wani babban babi na wannan darasi ba. Hausawa kuwa sun ce waiwaye adon tafiya.

Tsakanin watan Yuni da Satumba na 1990 an yi ta kai ƙananan yara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da zazzaɓi da amai da gudawa, fitsari ya ɗauke musu saboda ƙoda ta daina aiki. Yara 47 suka rasu a asibitin. Bincike ya gano cewa ruwan farasitamol ɗin da aka ba su an haɗa shi da dayetilin gilaikol, wani sinadari mai guba na masana'antu, a maimakon furofilin gilaikol da aka saba narkar da magani da shi. Irin wannan musiba ta auku a Ibadan, har yaran da aka rasa a ƙasar suka haura ɗari.

Wannan guba ba baƙuwa ba ce a tarihin doka. A 1937 ta hallaka mutum fiye da ɗari a Amurka, abin da ya sa a 1938 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfani ya tabbatar maganinsa ba ya cutarwa kafin ya kai shi kasuwa. A nan gida ma, mutuwar yaran na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta kafa hukumar NAFDAC da Doka mai lamba 15 ta 1993, aka ɗora mata rajistar magunguna da gwada su da sa ido kan masu haɗa su.

Kafa hukuma bai raba mu da wannan guba ba. A 2008 ta sake ɓulla cikin maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. Amma a wannan karon akwai hukumar da ta rufe kamfanin ta gurfanar da shi, kuma a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai.

Saboda haka idan aka tambaye mu batun sakaci a jarrabawa, wato wa ke da alhakin kulawa, yaya ya saɓa masa, kuma wace cuta ce ta biyo baya, muna da misali a ƙofar gida. Sai mu bi sinadarin daga wanda ya shigo da shi, zuwa dillalin da ya sayar, zuwa wanda ya haɗa maganin bai gwada ba, mu auna alhakin kowa. Wanda ya yi bita ta wannan hanya zai riƙe dokar bayan an tashi daga zauren jarrabawa, ranar da za a kawo masa majiyyaci ko ƙara.