Guosa: Harshen Da Mutum Ɗaya Ya Ƙirƙira

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu leƙa tarihin wani harshe da ba a gada daga kaka da kakanni ba.

Tun da aka samu 'yancin kai a 1960 ake ta muhawara kan harshen da zai haɗa kan 'yan Nijeriya. In an ce Hausa, Yarbawa da Ibo su ƙi. In an ce nasu, mu ma mu noƙe. Ganin haka, a 1965 wani mutumin Edo mai suna Alex Igbineweka ya fito da harshen da ya kira Guosa. Dabararsa ita ce kowa ya ga nasa a ciki: sunayen abubuwan da ido ke gani akasari daga Hausa, aikatau kuma daga Yarbanci da Ibo. Ginin jimla irin namu ne: mai aiki a gaba, aikatau a tsakiya, wanda aikin ya faɗa wa a ƙarshe.

Ba a kansa aka fara ba. A 1887 wani likitan ido a birnin Warsaw, Zamenhof, ya fitar da Esperanto mai ƙa'idoji 16 kacal. Suna yana ƙarewa da -o, sifa da -a, jam'i a ƙara -j: domo gida, domoj gidaje. Aikatau kuwa -is ya wuce, -as ana ciki, -os nan gaba. Babu wahalar da baƙo ke sha da jam'inmu, doki dawaki, takobi takubba.

To amma Guosa bai shiga kasuwa ba. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da masaƙu da kamfanonin fata ke ci a Bompai, Sharada da Challawa, leburori sun taru daga ko'ina, Tibi da Igala da Ibo. Ba wanda ya raba musu ƙamus. Hausa suka ɗauka suka sassaƙe ta daidai bakinsu, har a ce da mace "ya zo", kamar yadda sojoji suka yi da barikanci tun zamanin Turawa. Da ita aka yi cinikin abinci a bakin get, da ita aka nemi aure.

Ƙa'ida mai sauƙi ba ta raya harshe. Bukata ce ke raya shi, da uwar da za ta yi wa jaririnta tawai da shi.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.