Tele Sahel: akwatin kowa ne ko na mai mulki?

Yau za mu yi hira bisa talabijin ɗin ƙasarmu, wadda ake kira Tele Sahel. Ina ta fito? Wa ke da ita? Kuma don mi mutane ke cewa bakinta ɗaya da na gwamnati?

Talabijin ta shigo Nijar ta ƙofar makaranta. A shekara ta 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, anka fara koyar da yara da ita, da taimakon Faransa. Ana aje akwati cikin aji. Malami shina magana daga Yamai, yara suna kallo suna maimaitawa. Amma makarantun da sunka samu abin suna kewayen Yamai ne. Yaran Adar ba su gani ba.

A 1967 gwamnati ta kafa ma'aikata guda da za ta riƙe rediyo da talabijin. Sunanta ORTN. Tun ran nan, gwamnati ce ke naɗa shugabanta.

Ran 15 ga Afrilu 1974 soja sunka karɓi mulki, Seyni Kountché ya zama shugaba. Lokacin kuɗin uraniyom sun fara shigowa. A 1979 anka buɗe Tele Sahel don jama'a duka, manya da yara. Talaka ba shi da kuɗin akwati, ƙauye kuma babu lantarki. Sai gwamnati ta raba akwatuna cikin garuruwa, wasu masu aiki da hasken rana. Bayan sallar isha'i, gari shi taru bisa tabarmi a filin samariya.

Abin ya yi amfani, kada mu manta. Mun ji labarai da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Barbarci. Mun ga yadda ake rigakafin yara da dashen itace. Kokowar ƙasa, wadda anka fara a Tawa a 1975, ta shiga idon wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba.

Amma akwatin hanya ɗaya gare shi. Daga Yamai magana ke zuwa, ba ta komawa. Labari shi fara da shugaba, shi bi da ministoci, shi ƙare da gwamnoni. In hatsi ya yi tsada a kasuwar Madawa, ko rijiya ta ƙafe a ƙasar Buza, da wuya a nuna, sai fa in wani babba ya zo rangadi.

Kountché ya rasu a 1987. A 1991 anka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai, anka buɗe ƙofa ga jam'iyyu da yawa. Anka kafa hukumar lura da kafofin labarai, don kowa shi samu rabonshi na magana. A da, lokacin zaɓe, ana ba kowane ɗan takara 'yan mintoci. Bayan zaɓe kuwa, sai kukan ya dawo. 'Yan adawa su ce an rufe musu ƙofa. In su sunka hau, waɗanda sunka sauka su ɗauki kukan nan. Ashe ciwon ba na jam'iyya guda ba ne. Wanda ke naɗa shugaban gida, shi gidan ke saurare.

Ku lura da wani abu. Ran 18 ga Fabrairu 2010, da soja sunka sauke Tandja Mamadou, a Tele Sahel sunka yi sanarwa. Daren 26 ga Yuli 2023, da anka sauke Bazoum Mohamed, nan ma anka sanar. Duk mai son mulki ya san darajar akwatin nan.

Tun 2000 Tele Sahel ba ita kaɗai ba ce. Gidan Ténéré mai zaman kanshi ya buɗe talabijin, wasu sunka biyo. A 2022 anka sake sunan ORTN zuwa RTN. Yanzu ga salula a aljihun kowa, da gaskiyarta da ƙaryarta.

To, wa ke da Tele Sahel? Da kuɗin baitulmali ake biyan ma'aikatanta. Baitulmali kuwa harajinmu ne: na mai albasa, na mai tumaki, na mai tuyar ƙosai. Saboda haka tamu ce. Muna da hakkin mu ga gonarmu da damuwarmu cikinta.

Ga shawarata. Kada mu daina kallo, kada kuma mu haɗiye komi. In an ce an gina asibiti a gundumarmu, mu je mu gani da ido. Mu saurari gida biyu ko uku, mu gwada. Gani ya kori ji. Mu da munka koyi karatu, mu riƙa rubuta abin da anka yi mana alkawali, da ranar da anka faɗa. In shekara ta kewayo, mu buɗe littafi mu duba.

Allah shi ba mu damana mai albarka, amin.