Aaron Burr da ƴarsa Theodosia: abin da wasiƙu suka nuna

An fi sanin Aaron Burr, mataimakin shugaban Amurka daga 1801 zuwa 1805, da harbe Alexander Hamilton a 1804. Mu kuwa wasiƙunsa zuwa ga ƴarsa Theodosia muka duba. Ya sa an koya mata Latinanci, Girkanci da Faransanci, ilimin da ƴaƴa maza aka saba ba wa a zamanin. Yakan gyara mata kurakuran rubutu ba sassauci. A ganinmu, wannan tsananin girmamawa ne: ya ɗauke ta abokiyar tunani. Don ita ya rubuta labarin zamansa a Turai, 1808 zuwa 1812. A ƙarshen 1812 ta shiga jirgin ruwa za ta wurinsa a New York. Jirgin bai iso ba. Burr ya rayu shekara 23 bayanta.