TAƘAITACCEN TARIHI: AMANAR DA MUKA GADA A YANKARA

GABATARWA

Muna yi wa Allah Maɗaukaki godiya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda ya kiyaye wannan ikkilisiya tasa har ta cika shekara hamsin. Muna kuma yi wa dukan baƙinmu barka da zuwa, waɗanda suka taso daga Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa, Funtuwa, da sauran wurare na nesa da na kusa domin su taya mu murna.

A cikin Littafin Firistoci sura 25, Allah ya keɓe wa Isra'ilawa shekara ta hamsin. A shekarar ne ake busa ƙaho, gonar da aka sayar ta koma hannun masu ita, wanda talauci ya sa shi bauta kuma ya koma cikin danginsa. Dalilin da aka ba su shi ne, ƙasar ta Allah ce, su masu riƙo ne kawai. A kan wannan ne muka ɗora ɗan tarihin nan. Tun da yake bikin ya zo daidai da lokacin da muke karɓar sabon limami, ya kamata mu duba mu ga ko su wane ne suka riƙe ikkilisiya a baya, da kuma abin da ya rage a wuyanmu yau.

MAFARIN AIKI A ƘASAR HAUSA

A shekara ta 1900 ne Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci 'yan mishan na ƙungiyar CMS zuwa Kano. Cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya koyo Hausa a birnin Tarabulus kafin tafiyar. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juya suka sauka a Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A 1905 Likita Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Wajen 1913 waɗansu daga cikin Isawa, mutanen da tun kakanninsu suke girmama Annabi Isa, suka zo neman ƙarin koyarwa, aka kafa musu ƙauyen masu bi a Gimi. Cutar barci ta faɗa wa ƙauyen, ta kashe mutane da yawa, har wurin ya watse. Amma 'ya'yansu da suka tsira sun zama malamai da masu bishara.

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa irin ginin Hausa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen Hausa, aikin da Hausawa masu bi irin su Malam John Tafida suka sa hannu a ciki. Daga Wusasa aikin ya miƙo wajenmu, aka buɗe tashoshi a Maska da Bakori da Tsafe. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, ta bi ta Funtuwa da Tsafe, ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa Kirista daga kudu, cinikin auduga kuma ya zaunar da waɗansunsu. Yankara tana kan hanyar da ta haɗa Funtuwa da Tsafe, don haka bishara ta zo mana daga gaba da baya.

Tun kafin wannan duka, Henry Venn, wanda ya yi magatakardan CMS a Landan daga 1841 zuwa 1872, ya riga ya koyar cewa ikkilisiyar da mishan ta haifa dole ta kai ga abu uku: ta ciyar da kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Naɗa Samuel Ajayi Crowther Bishop a 1864 ya fito ne daga wannan koyarwa. Da wannan ma'auni za mu auna shekarunmu hamsin.

YADDA SHUGABANCI YA MATSO KUSA DA MU

A 1954 aka kafa Dayosis ta Arewacin Nijeriya, Bishop John Mort ne ya fara riƙe ta. A 1970 Bishop Festus Segun ya hau kujerar, daga bisani Bishop Titus Ogbonyomi ya gaje shi. Lokacin da iyayenmu suka fara taruwa a nan, Bishop ɗaya ne yake duba kusan dukan Arewa daga Kaduna. Kowa ya iya lissafa sau nawa ƙauye irin namu zai ga fuskarsa.

Ranar 24 ga Fabrairu 1979 Ikkilisiyar Nijeriya ta Angilikan ta tsaya da ƙafarta, Timothy Olufosoye ya zama Babban Bishop na fari. A 1980 aka fitar da dayosis na Kano da na Jos. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Sa'an nan a watan Satumba na 1990, a zamanin Babban Bishop Joseph Adetiloye, aka kafa dayosis takwas na aikin bishara a Arewa: Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurdi, Yola, Maiduguri da Bauchi. Bishop James Kwasu ne ya fara riƙe Katsina, bayansa Bishop Jonathan Bamaiyi ya karɓa. A 1997 Wusasa ma ta zama dayosis, ƙarƙashin Bishop Ali Buba Lamido.

Kowane mataki daga cikin waɗannan ya kawo shugabanci kusa da ƙofarmu, ya kuma kawo kaya tare da shi. Dayosis ƙarama ba ta da wata taska sai abin da ikkilisiyoyinta suka kawo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

WAƊANDA SUKA ƊAUKI JINKA

Iyayenmu sun soma wannan aiki ƙasa ba ta daɗe da fita daga farin 1973 da 1974 ba. Yawancinsu manoma ne, da yawa kuma daga gidajen Maguzawa suka fito, waɗansu sun sha gori daga dangi saboda shawarar da suka yanke. Kamar yadda aka yi a ƙauyuka da dama na wannan yanki, a inuwar itace aka fara sujada, aka koma rumfar zana, sa'an nan aka buga tubali aka yi ɗaki. Maza suka kwaɓa ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, samari suka sari azara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun kuwa san haka.

A shekarun farko mai bishara ne yake zaune da jama'a. Shi ne yake karanta Littafin Addu'a ran Lahadi, ya koya wa manya karatun Hausa da dare, ya shirya masu neman baftisma. Limami yakan zo ne jefi-jefi, bisa keke ko babur, domin baftisma da Jibin Ubangiji da ɗaurin aure. A tsakanin zuwansa da komowarsa, dattawa da Zumuntar Mata da mawaƙa ne suke riƙe da garke.

Ta wajen baiko kuwa, kuɗi ba su da yawa a hannu, amma akwai hatsi. Da kaka mutum yakan ware dami ɗaya cikin goma na dawa ko gero ya kawo gaban Allah. Akan yi gayya a gonar ikkilisiya. Mata sukan ɗebi ɗan hatsi daga abin da za su daka su tara, ran godiyar kaka su kawo shi da waƙa. Daga wannan rumbu ne aka ciyar da mai bishara, aka tallafi gwauraye da marayu, aka sayi kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya. Ko da tsadar da ta biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta zo, ƙofar majami'a ba ta rufu ba.

ZAMANIN WAHALA

Ba za mu rubuta tarihin nan mu tsallake abin da ya sami yankinmu ba. 'Yan bindiga sun addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, sun kashe mutane, sun kore shanu, sun sace na sacewa domin kuɗin fansa. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da tamu. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba. Mun yi kuka tare da maƙwabtanmu Musulmi, sun zo mana ta'aziyya, mun je musu.

Abin ya taɓa riƙon ikkilisiya kai tsaye. Gonar da ba a nome ba ba ta ba da dami. Gidan da ya sayar da shanu ya biya fansa ba shi da abin kawowa. Waɗansu 'yan'uwa sun yi ƙaura zuwa Funtuwa da Zariya da sauran garuruwa. Bayan cire tallafin mai a 2023, kuɗin taki da na mota suka ƙara hawa. Duk da haka ƙararrawa tana bugawa ran Lahadi. Manzo Bulus ya ba Korintiyawa labarin ikkilisiyoyin Makidoniya da suka yi bayarwa suna cikin tsananin talauci. Mun ga irin wannan da idonmu a nan.

SABON LIMAMI DA ABIN DA KE WUYANMU

A tsarin Angilikan, Bishop ne yake aiko limami, shi ne kuma yake ɗauke shi in lokaci ya yi. Mun ga zuwan ma'aikata da tafiyarsu, kowanne da baiwarsa: wani mai wa'azi, wani mai gini, wani mai ziyarar marasa lafiya. Jama'a ce take zaune. A taron shekara ne muke zaɓen kwamitin ikkilisiya da wakilin jama'a, wanda yake aiki tare da wakilin limami. Mu ne muke biyan kason da dayosis ta yanka mana, mu ne kuma muke aika wakilai zuwa taron sinod. Saboda haka abin da sabon limami zai iya yi ya dogara ƙwarai ga abin da ya tarar a hannunmu. Muna roƙon jama'a abubuwa biyar.

Na ɗaya, mu karɓe shi yadda Allah ya yi shi. Joshuwa bai bi da Isra'ila daidai yadda Musa ya bi da su ba, amma shi ne ya haye da su Urdun. Kada a riƙa auna shi da wanda ya tafi, kada kuma kowa ya riga kai masa tsegumi kafin ya san sunayenmu.

Na biyu, lissafi ya kasance a fili. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko, a rubuta, a sa hannu, ma'aji kuma ya karanta rahoto a gaban jama'a a kan kari. Wannan yana kāre sunan limami da na ma'aji gaba ɗaya.

Na uku, mu adana takardu. Littafin baftisma, na tabbatarwa, na aure, da takardun filin majami'a da gona, duk a yi musu kwafi a ajiye a ofishin dayosis. A zamanin gudun hijira, takarda ɗaya tana iya zama shaidar iyali duka.

Na huɗu, 'yan'uwanmu da suke zaune a birane su tuna da gida. Wanda yake karɓar albashi ya ɗauki gurbin damin da manomi ya kasa kawowa bana.

Na biyar, mu ba da 'ya'yanmu ga aikin. Kwalejin Tauhidi ta Faransis Mai Tsarki tana nan a Wusasa. Ikkilisiyar da ta yi shekara hamsin tana karɓar limamai, ya dace ita ma ta ɗauki nauyin karatun ɗanta, ta aika shi ya yi wa waɗansu hidima. Da haka ne abu na uku da Venn ya faɗa zai cika a kanmu.

KAMMALAWA

Muna tunawa da iyayenmu maza da mata da suka riga mu gidan gaskiya, da masu bishara da limamai da suka yi wahala a nan, waɗanda Allah ya san sunayensu duka. Sun karɓi kaɗan, suka miƙo mana fiye da abin da suka karɓa. Yaran da suke makarantar Lahadi yau su ne za su rubuta tarihin shekara ɗari, kuma abin da muka bar musu shi za su rubuta.

Allah ya ba sabon limaminmu hikima da lafiya, shi da iyalinsa. Allah ya komo da waɗanda suka watse, ya ba ƙasarmu salama, ya sa mu koma gonakinmu ba tare da tsoro ba. Allah ya mai da kowane baƙo gidansa lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, Amin.