Filinge da Ƙasar Kurfey: Wa Ke Magana da Yawunsu?

Wanda ya bar Yamai ya kama hanyar arewa maso gabas, da ya kai Balleyara ya faɗa Dallol Boso ke nan, kuma cikinsa zai yi ta tafiya, ya ratsa Bonkuku, har ya isa Filinge, tazarar kilomita kusan 180 daga babban birni. Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani, ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Isa. Ruwan bai tafi nesa ba, yana nan ƙarƙashin rairayi, shi ya sa rijiyoyin kwarin ba su da zurfi irin na tudu, shi ya sa kuma gawo da goriba ke tsaye a gonaki ko da rani ya yi tsanani. Ta gefe tsaunuka ne masu jan dutse, kansu a shafe. Manomi na son wannan kwari saboda gero da wake, makiyayi na son sa saboda rijiya, kuma yawancin tarihin ƙasar, daɗinsa da ɗacinsa, daga nan ya taso.

Filinge ita ce cibiyar ƙasar Kurfey, bakin iyakar ƙasar Hausa ta yamma. Kurfayawa Hausa suke ji, amma Zabarmawan Tondikandiya na kudu da su, Buzayen Imanan da Tagazar na cikin kwarin tare da su, Fulani na ratsawa da dabbobinsu. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, za ka ji an fara cinikin rago da Hausa, an yi tayi da Zabarmanci, dillali ya juya ya gaya wa mai dabba da Buzanci. Mata na zaune da faifan cuku, busasshe fari ƙal, an jera shi falle-falle, ga tabarmin kaba a naɗe, ga raƙuma a durƙushe can bayan kara.

Akwai lokacin da wannan ƙasa, tun daga Tagazar har Abala da Sanam a kan hanyar Mali, take gunduma guda, kuma mazaɓa guda mai aika wakilanta majalisa da sunanta. Lokacin bai daɗe ba. Amma kafin a fahimci nauyinsa sai an koma baya, domin tambayar wanda zai yi magana da yawun Kurfey ta girmi akwatin zaɓe.

Kafin zuwan Nasara Kurfayawa ba su da sarki guda mai fada da dogarai irin na Katsina ko Gobir. Kowane gari da manyansa, da masu kula da al'adun ƙasa, sai kuma mayaƙa da ke fitowa idan hari ya taso, kuma a ƙarni na 19 hari bai yanke ba a Dallol. Cikin waɗannan mayaƙa Gado Namalaya ya yi suna. Su kuwa Faransawa larura ce ta kawo su Filinge. Yarjejeniyar da suka ƙulla da Ingila a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, don haka ayarin sojan Faransa da ke son zuwa Damagaram daga bakin kogi dole ya yi zagaye ta arewa, ta Filinge da Tawa. Suka kafa bariki a garin a farkon ƙarni na 20, suna neman hatsi da dabbobin sufuri da 'yan dako, suna kuma neman mutum guda da za su riƙa tambaya. Namalaya ya ba su hannu, su kuma suka ɗora shi sarkin kanton Kurfey. Da aka gyara iyakar a 1904 da 1906, babbar hanya ta koma kudu ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Konni, Filinge ta rage gefe, amma sarautar da aka kafa ta zauna.

A watan Afrilun 1916 Firhun, shugaban Buzayen Iwillimmidan na wajen Menaka, wanda ya yi wa Faransa tawaye, ya kawo yaƙi har Filinge. Bai ci garin ba. Wata guda bayan haka aka karya rundunarsa a Anderambukan, shi ma bai ga ƙarshen shekarar ba. Gidan Namalaya ya fita daga wannan yaƙi da ƙarin daraja a idon Nasara.

A idon talaka kuwa lissafin daban ne. Sarkin kanto shi ke tara bodo, wato haraji, shi ke fitar da samari aikin dole, shi ke ba da 'ya'yan mutane soja. Wajen 1925, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo da mahaifinta Ganji suka fito da wani sabon salon bori, wanda Hausawa ke kira Babule, duniya kuma ta san shi da Hauka. Iskokin da ke hawan mabiyansu ba na daji ba ne ko na ruwa: gwamna ne, da kumandan, da kyaftin, da kofur. Wanda suka hau sai ya miƙe ya yi tafiyar soja, ya sara, ya yi ta ba da umarni da tsawa. Matasa suka yi ta shiga, suka daina sauraron Namalaya, wasu suka bar garuruwa suka kafa nasu zama a daji inda ba mai tambayar su bodo. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle, aka wulaƙanta su, daga baya aka kori manyansu daga ƙasar. Ba a jima ba shi kansa ya shiga jerin iskokin da sunan Kumandan Mugu. 'Yan ci-rani suka kai abin har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim a birnin Akara, fim ɗin da ya fito a 1955 ya kuma tayar da ƙura a Turai.

Mai karatu na iya ƙin bori, kuma yana da hujjarsa ta addini. Amma ni ina ganin wanda ya karanta labarin Shibo bai ga komai ba sai bori, ya bar rabin labarin. Mutane ne da aka ɗora musu mai magana da yawunsu ba tare da an tambaye su ba, ba su da majalisa, ba su da jarida, ba su da ƙuri'a, sai suka ce ba su yarda ba ta hanyar da ke hannunsu. Abin da ya biyo baya ya nuna tsadar rashin murya. A 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona, yunwa ta faɗa wa yammacin Nijar, Filinge na cikin wuraren da ta fi ɓarna. Dubban mutane suka mutu, wasu suka watse zuwa Najeriya, ga shi ba a daina neman haraji ba. Babu wanda talakan Kurfey ya zaɓa da zai tashi a Yamai ya ce a dakata.

Ƙuri'a ta iso a 1946, amma ta 'yan kaɗan ce: sarakuna, ma'aikata, tsofaffin sojoji da makamantansu. Sai dokar 1956 ta buɗe ta ga kowane baligi, mace da namiji. A wannan zamani Filinge, wadda da can reshe ce ƙarƙashin Yamai, ta samu kumandan nata, ta shiga cikin manyan gundumomi 16 na Nijar, kuma bisa waɗannan gundumomi aka raba kujeru 60 na majalisar ƙasa a zaɓen 31 ga Maris 1957 da na 14 ga Disamba 1958. A ƙasar da masu karatun boko ba su da yawa, alama ake bi: giwa ta RDA, jam'iyyar Diori Hamani da Bubu Hama, raƙumi na Sawaba, jam'iyyar Jibo Bakari. Tsohuwar da ta ga zamanin Shibo da idonta, yau ga ta a layi da takarda a hannu, za ta jefa.

Kada a ɗauka zaɓen ya kasance tsarkakakke. Sarakuna na da nauyi, kumandan na da nasa, kuma a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, lokacin da Bakari ya ce a ƙi tsarin De Gaulle a karɓi 'yanci nan take, Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, ya sa duk ƙarfin mulki a bayan "i". Cikin waɗanda suka rabu da Bakari a kan wannan batu har da ɗan Filinge, Adamu Mayaki, na gidan sarautar Kurfey, wanda minista ne a gwamnatinsa. Mayaki ya ci gaba ya zama ministan harkokin waje daga 1963 zuwa 1965, sannan jakada a Amurka, ɗansa Ibrahim Asan Mayaki kuma ya riƙe firaminista daga 1997 zuwa 2000. Duk da haka, a waɗannan zaɓuka biyu akwai abu guda da ya tabbata: mai neman kujera dole ya zo Filinge, ya je Damana, ya je Bonkuku, ya zauna a zaure ya nemi yarda, domin ƙuri'un nan kaɗai za su kai shi ko su kayar da shi.

Ƙofar ta rufe da wuri. An haramta Sawaba a 1959, aka samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, kuma a zaɓukan 1965 da 1970 jeri guda na mutum 50 jam'iyya mai mulki ta kawo, aka ce a amince. A 1964 an sake fasalin mulki, Filinge ta koma ƙarƙashin Yamai a matsayin ƙaramar gunduma. Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari da yunwa, soja suka kifar da Diori suka rufe majalisa. Jagoransu, Seyni Kunce, haifaffen Fandu ne a Tondikandiya, cikin wannan gunduma, kuma a can aka binne shi a 1987. Mutane da yawa na tuna shi da tsare dukiyar ƙasa da tsayawa kan abinci, wasu na tuna tsananinsa. Shekara 13 da ya yi ba a zaɓi ɗan majalisa ko ɗaya ba.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka dawo, aka yi zaɓen Fabrairun 1993 na kujeru 83. Sai dai mazaɓa ta zama jiha sukutum. An ware mazaɓu na musamman guda 8 domin ƙananan ƙabilu, irin su Bankilare da Bilma da Tasara da Teskar, kuma wannan tunani ne mai kyau. Filinge kuwa ta narke cikin jerin jihar Tilaberi. Kujeru sun ƙaru zuwa 113, sannan 171 a 2016, tsarin bai canza ba. A wancan tsari, kafin 2023, jam'iyya ke jera sunaye a Yamai, mai zaɓe ya dangwala wa jam'iyya, a haɗa ƙuri'ar Shikal da ta Tera da ta Say a raba kujeru. 'Ya'yan Kurfey sun shiga majalisa ta wannan hanya, wasu sun yi wa ƙasarsu aiki. Amma wanda ya san matsayinsa a jeri ya fi dogara ga shugaban jam'iyya fiye da mutanen garinsu, ya san inda zai fi yawan kai gaisuwa. Jihar da ta taso daga iyakar Burkina Faso ta kai bakin jihar Tawa ta yi wa makiyayin Sanam faɗi, ba zai iya nuna mutum guda ya ce wannan nawa ne, shi zan tambaya ba.

Ita ma gundumar an rage ta. A 2011 aka cire Abala da Balleyara suka zama gundumomi masu zaman kansu, Filinge ta rage da ƙananan hukumomi huɗu: birnin Filinge, Kurfey ta Tsakiya mai hedikwata a Shikal, Imanan da Tondikandiya. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 300,000 a cikinsu. Arewa da gari kaɗan akwai Tukunus, inda tun shekarun 1950 gwamnati ke da gidan kiwo na inganta shanun Azawak, jajayen nan masu yawan nono da makiyaya ke nema har daga ƙasashen maƙwabta. Dukiyar ƙasar ke nan, gero da dabba, kuma dukansu biyu sai da kwanciyar hankali.

Kwanciyar hankalin ce ta yi ƙaranci. Tun 2012 'yan gudun hijirar Mali suka sauka Abala, a 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a can, daga baya aka hana hawan babur a sassan jihar, abin da ya karya ƙananan 'yan kasuwa da masu kai marasa lafiya asibiti. Ranar 25 ga Disamba 2019, kusa da Sanam, 'yan bindiga suka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna suka kashe 14. Aikin da suka fito yi shi ne rakiyar ma'aikatan rajistar masu zaɓe. Duk mai cewa talakan karkara bai damu da ƙuri'a ba, ya tuna an zubar da jini a kan hanyar kai masa katinta.

Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka sake karɓar mulki, majalisa ta sake rufewa. Shugabansu, Janar Abdurahaman Tiani, shi ma ɗan wannan ƙasa ne, daga Tukunus. A Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a Maris 2025 aka rushe jam'iyyu aka kuma tsayar wa mulkin soja wa'adin shekara biyar. Ba a rubuta sabuwar dokar zaɓe ba tukuna, kuma wannan ne lokacin da ya dace a yi magana. Abin da nake roƙon masu rubuta ta shi ne su sauko da mazaɓa daga jiha zuwa gunduma: Filinge da kujerunta, Abala da nata, Balleyara da nata, gwargwadon yawan jama'a, da sunan ɗan takara da hotonsa a kan takardar, yadda mutumin Shikal zai san ƙofar da zai buga idan famfon garinsu ya lalace ko aka kore masa shanu.